Saƙon Bittor Mai Keke

Lupe tana kan baranda tana shanya kayan aikin mijinta, sai ta ji ƙara daga ƙasan bene. Da farko ta ɗauka ƙofar shagon Bittor ce ta kuɓuce masa, don tsohuwar ƙofar ƙarfe ce mai naɗewa sama, kullum safiya sai ya yi kokawa da ita yana zaginta da yarensu na Baskanci. Amma ƙofa ba ta yin ƙara a jere haka. Ta leƙa. Wata farar mota ta fizga a guje, ta hau gefen titi, ta sha kwanar gidan burodi. A bakin shagon kuwa ga Bittor zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofar da ya ɗaga rabi, ƙafafunsa a miƙe kamar wanda ya zauna shan iska.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Ta dai ga kanta durƙushe a gabansa, da jiƙaƙƙiyar rigar mijinta a hannu, tana danna ta a cikinsa inda jini ke ɓulɓulowa.

"Bittor! Dube ni, Bittor!"

Ya ɗago ido da ƙyar. Baƙar hularsa ta faɗi can gefe cikin ruwan kwata.

"'Yar kudu," ya ce, "ba takalmi kika fito? Sanyin garin nan zai kashe ki."

"Rufe min baki! Jama'a, ku kawo mota! Wayyo Allah, babu kowa ne a unguwar nan?"

Akwai mutane. Tana ganin labule na motsi a tagogi, har ta ji wani ya ja tagarsa ya rufe a hankali. Mai burodi ne kaɗai ya fito, hannuwansa fari fat da fulawa, ya juyo da motar rabon burodinsa. Su biyu suka ciccibi Bittor suka kwantar da shi tsakanin kwanduna. Har suka isa asibiti kansa na bisa cinyarta, ƙamshin burodi mai zafi ya gauraye da ƙarnin jini.

Fiye da shekara ashirin ke nan ƙofar Lupe na kallon ƙofar Bittor a hawa na biyu. Ita da mijinta Ceferino daga can kudancin Sifaniya suka zo, daga wani ƙauye na Extremadura inda ƙasa ta daina ciyar da masu nomanta, shi ya sami aiki a tashar jirgin ƙasa ta Irun, garin Baskawa da ke bakin iyakar Faransa. Ranar da suka sauka ana sheƙa ruwa, ba su da ko tukunya. Karmele, matar Bittor, ita ce ta ƙwanƙwasa musu ƙofa da tukunyar baƙin wake mai tururi, ta ajiye ta juya ba tare da dogon zance ba. Daga wannan tukunyar aka ƙulla zumunci. Allah bai ba Lupe haihuwa ba, don haka Eneko, ɗan su Bittor tilo, ya tashi da gida biyu: in an yi masa faɗa a wannan, ya tsallaka wancan ya ci abinci. Bittor bai taɓa kiranta da sunanta ba sai "'yar kudu", yana tsokanarta wai mutanensu ba su san komai ba sai rana da tafarnuwa. Ita kuma ta ce da shi "kan dutse", wai Baskawa in ba su sami abin musu ba sai su yi da bango.

Bayan rasuwar Karmele ne gidan ya canza. Eneko ya fara dawowa da abokai masu magana ƙasa-ƙasa, masu yin shiru in an shigo. Wata rana da yamma Lupe tana hawowa da cefane ta ji su a shago, uba da ɗa.

"Ni ma Babaske ne, kafin a haife ka," in ji Bittor. "An mare ni a makaranta saboda yaren nan. Amma ban ga ƙasar da za a gina a kan gawa ta zaunu ba."

"Kai dai ka ce tsoro kake ji. Matsoraci ne kai, Baba. Ka tsufa kana liƙin taya kana sunkuyar da kai."

Ba a daɗe ba 'yan sanda suka zo neman Eneko, suka tarar ya riga ya ƙetare kogi zuwa ɓangaren Faransa, inda 'yan awaren Bask ke fakewa. Daga barandar Lupe ana hango rufin gidajen Hendaia, garin da ke tsallaken kogin, in gari ya waye sarai. Bittor bai sake ambaton sunan ɗansa ba. Ya ci gaba da gyaran kekunan yara, yana sauraron tseren keke a rediyo, ran Lahadi kuma ya ci abincin rana a teburin Lupe yana kushe mata miya yana ƙari.

Washegarin harbin, Ceferino ya shigo da jarida ya shimfiɗa a kan tebur. Bai zauna ba.

"Sun buga wa 'yan jarida waya," ya ce. "Wai su wata runduna ce ta masu kishin Sifaniya. Wai sun hukunta wani ɗan ta'adda, ramuwar ɗan sandan nan da 'yan aware suka harbe a gidan shan kofi farkon mako. Sun ce duk wanda aka kashe musu, sai sun kashe nasu."

"Ɗan ta'adda? Bittor?" Lupe ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Mutumin da in ya ga gizo-gizo a shago sai ya ɗauke shi da takarda ya kai waje?"

"Ba su iya kai hannu ga ɗan ba, shi ne suka taɓa uban."

"Kuma wai don Sifaniya. To ni 'yar ina ce? Wa ya aike su? Ni na aike su?"

Ceferino ya naɗe jaridar, amma ta riga ta ga hoton ɗan sandan da aka kashe a ƙasan shafin. Yaro ne, gashin bakinsa ma bai gama fitowa ba, kuma garin da aka ce za a kai gawarsa bai fi tafiyar jaki ba daga ƙauyensu.

Wani jami'i ya zo ya tambaye ta abin da ta gani. Ta ce farar mota, mutum biyu a ciki, har ta faɗa masa farkon lambar. Ya gyaɗa kai yana kallon agogonsa, ya yi godiya ya tafi. A kasuwa kuma, da ta tsaya wajen mai kifi, matan da ke hira da Baskanci suka yi tsit. Ba wanda ya ce mata komai. Matan da ta yi shekaru tana layi da su, suka matsa mata wuri fiye da yadda take buƙata.

A asibiti ta tarar da Bixenta, yayar Bittor, zaune a bakin ƙofar ɗakin da baƙaƙen kaya. Tsohuwa ce doguwa busasshiya, daga gidan gonarsu na bayan Hondarribia ta sauko. Tun zamanin Karmele ba ta taɓa sakar wa Lupe fuska ba.

"Dangi kawai aka ce," in ji Bixenta.

"Na sani. Romon kaza na kawo masa."

"Ba ya cin komai. Mutanenku sun huda masa hanji."

Maganar ta soki Lupe har ƙashi. Tana shirin juyawa sai wata murya ta fito daga ciki, siririya kamar ba ta Bittor ba.

"Bixenta, bar ta ta shigo. Tun ɗazu nake jin warin tafarnuwa."

Ya ƙanƙance a gadon. An sa masa ƙarin ruwa, ga roba ta fito ta hancinsa. Hannuwansa ne kawai ba su canza ba, baƙin man keke na nan a ƙarƙashin farcensa, duk wankin da nas-nas suka yi. Likita ya riga ya gaya wa Bixenta cewa sun ɗinke abin da za su iya, amma ciwon ya shiga jini.

"Ja kujera, 'yar kudu. Bixenta, rufe ƙofar." Ya huta kaɗan. "Na san ɗana. Yanzu haka yana can yana ɗaura takalmi zai ƙetaro."

"To ai dole ya zo ya ga mahaifinsa," in ji Lupe.

"Abin da suke jira ke nan. Kin ga motar da ke tsaye a ƙofar asibiti? Ba ni suke gadi ba. In waɗannan ba su kama shi ba, masu farar mota za su same shi. Ni tsutsa ce kawai a bakin ƙugiya." Ya yi tari, fuskarsa ta yamutse. "Bixenta ba za ta iya zuwa ba, bin ta za su yi. Waya kuma ana saurare. Amma ke, wa zai kula ki? Kullum kina ƙetarawa sayen kofi da kwanuka. Da kin buɗe baki su ji harshen kudu, har sara miki za su yi."

"Me zan ce masa?"

"Ki ce kada ya zo. Ko na mutu kada ya zo, ban yarda ba." Ya lumshe ido, har ta ɗauka barci ya ɗauke shi. "Sannan ki ce masa kada a taɓa ɗan kowa da sunana. Jinina nawa ne, ban ba kowa aronsa ba."

Bixenta ta juya fuska ga taga. Can ta ce, ba tare da ta dubi Lupe ba, akwai wata mai sayar da cuku a bayan tashar Hendaia. A ce mata an zo daga gidan gona, sannan a je a zauna a bencin gaban coci.

Ceferino ya yi tsalle ya dire da ya ji.

"Kin haukace? Mu baƙi ne a garin nan, Lupe! In na sama suka ji, su ce muna yi wa 'yan ta'adda aike. In na unguwa suka ga an kama yaron bayan kin je, su ce ke kika sayar da shi. Ta ko'ina mu ne a ƙasa."

"Wa ya ɗauke ka a kafaɗa ya sauko da kai bene ranar da ƙafarka ta karye?"

"Ban manta ba."

"To miƙo min kwandona."

Ya tsaya yana huci. Daga baya shi da kansa ya ɗauko mata fasfo daga aljihun tebur, ya raka ta har bakin gada, ya tsaya nesa yana shan taba.

Da hantsi ne, ana yayyafi. Mata masu kwanduna sun yi layi. Jami'in da ya karɓi fasfonta saurayi ne, bindiga rataye a kafaɗarsa, idanunsa ja kamar wanda bai yi barci ba. Ya duba wurin haihuwa, sai fuskarsa ta washe.

"Kai! Inna, ashe 'yar gida ce! Ni ma daga can nake. Yaya kike jure ruwan saman nan?"

"An saba, ɗana."

"Ni kam na ƙagu a mai da ni gida. Mahaifiyata kullum kuka take." Ya miƙa mata fasfon. "A sayo lafiya, Inna."

Ta wuce. Sai da ta kai tsakiyar gadar ta lura ta ƙanƙame hannun kwandon har yatsunta sun yi fari.

Ta yi yadda Bixenta ta ce. Ta daɗe zaune a bencin gaban coci, tattabaru na kewaya ƙafafunta, kafin wani mutum mai gemu ya zo ya zauna a ɗaya gefen. Da a hanya suka haɗu da ba ta gane shi ba. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya.

"Inna Lupe."

Muryar ce ta karya ta. Ta yi niyyar ta daure, amma sai ga hannunta a kan kumatunsa.

"Dubi yadda ka koma. Ba sa ba ku abinci ne?"

"Yaya yake? Ki gaya min gaskiya."

"Ba zai tashi ba, Eneko."

Ya sunkuyar da kai, ya dafe gwiwoyinsa. "Yau zan ƙetara. Akwai mai kwale-kwale da zai sauke ni."

"Abin da ya aiko ni ke nan. Ya ce kada ka zo. Ko ya mutu kada ka zo, bai yarda ba."

"Ba ya son ganina."

"Kai, wawa! Mutum na kwance da rami a ciki, ba ya tunanin komai sai yadda za ka tsira, kai kana cewa ba ya son ganinka? Suna nan a ƙofar asibiti suna jiranka. So kake ya ji harbinka ta taga kafin ya cika?"

Eneko ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suka shiga rawa, amma ba sauti. Ta bar shi sai da ya lafa.

"Da saura," ta ce. "Ya ce kada a taɓa ɗan kowa da sunansa. Ya ce jininsa nasa ne, bai ba kowa aro ba."

Ya ɗago. Fuskarsa ta daure, a take ya koma mutumin da ba ta sani ba.

"Su harbe tsoho a bakin shagonsa, mu naɗe hannu? Kin san su waye, Inna? Da rana suna sanye da kaki, ko suna shan giya da masu kaki. Ba wanda zai kama su. Ba kotun da za ta tambaye su."

"Na sani. Ni na toshe ramin da hannuna, ba sai ka gaya min ba." Ta matso kusa da shi, ta rage murya. "Amma yaron nan da aka harbe a gidan shan kofi, na san garinsu. Na san irin gidan da ya fito, ɗaki ɗaya da akuya a tsakar gida. Yunwa ce ta sa masa kaki, kamar yadda ta koro mu nan. Yanzu uwarsa na zaune kamar yadda Bixenta ke zaune."

"Ba ni ba ne."

"Ban tambaye ka ba. Kada ma ka gaya min."

Ƙararrawar coci ta buga, tattabaru suka tashi suka sake sauka.

"Na farkon na ɗauka," ya ce daga ƙarshe. "Ba zan zo ba. Na biyun ba a hannuna yake ba."

"To ka faɗa wa waɗanda yake hannunsu."

"Zan faɗa." Yadda ya faɗe ta, ta san ko ya faɗa ba za ta yi nisa ba. Ya kama gefen rigarta kamar yadda yake yi yana ƙarami in yana son a raka shi ɗaki mai duhu. "Inna, ki kai masa nawa. Akwai maganar da na faɗa masa a shago kafin in tafi."

"Na ji ta. Ina kan bene."

"Ki ce masa ba haka ba ne. Ki ce ban taɓa sanin mutumin da ya kai shi ƙarfin zuciya ba. Ki ce na so in dawo in faɗa masa da bakina, kunya ce ta hana ni rubutowa. Za ki tuna?"

"Zan tuna."

Ya sumbaci goshinta, ya tashi ya bi ta bayan cocin bai waiwayo ba. Ta sayi kofi ƙulli ɗaya don kada kwandon ya koma wayam. Duk tsawon gadar tana maimaita maganar a ranta, kalma bayan kalma, don kada ko ɗaya ta zube. Ba ta biya gida ba. Ta hau bas zuwa asibiti, har tana jin wani sauƙi-sauƙi a ƙirjinta, tana ayyana yadda Bittor zai taɓe baki ya ce yaron banza, alhali idonsa ya cika.

Ta tarar da ƙofar ɗakin a buɗe. An yaye zanin gadon, wata ma'aikaciya na goge katifar roba da tsumma. An buɗe taga.

Bixenta na zaune a kujerar da ta bar ta, da jakar takarda a cinya, takalman Bittor sun leƙo daga ciki.

"Da tsakar rana," in ji tsohuwar. "Bai sha wahala sosai ba. Limamin coci ya zo a kan lokaci."

Kwandon ya sulale daga hannun Lupe.

"Ya tambaye ni?"

"Duk sanda aka taɓa ƙofa sai ya juyo." Bixenta ta gyara jakar a cinyarta. "Na ce masa kin isa, kin gan shi, yaron ya ji magana. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa."

"Gaskiya kika faɗa. Ba zai zo ba." Sai kukan ya ƙwace mata. "Amma ya ba ni saƙo, Bixenta! Ya ba ni saƙo in kawo masa, ga shi a bakina, wa zan ba?"

Tsohuwar ta miƙe, ta ajiye jakar. Ta kama hannun Lupe da busasshen hannunta mai ƙarfi, ta ja ta suka sauka har ɗakin da ake ajiye gawa. Ta yi wa mai gadin wurin magana, ya buɗe musu. An rufe Bittor da farin ƙyalle zuwa ƙirji, an ɗaure masa haɓa. Ya yi kama da mai shirin yin gardama.

"Faɗa masa, Lupe," in ji Bixenta. Ranar ce ta fara kiran sunanta.

Lupe ta sunkuya daidai kunnensa, ta faɗa masa duka, yadda aka ba ta, ba ta rage ba ta ƙara ba. Kunnen ya yi sanyi. Ta jira kaɗan, ita ma ba ta san me take jira ba, sannan ta gyara masa ƙyallen.

Ranar jana'iza garin ya rufe. Shaguna ba su buɗe ba, masana'antu sun tsaya. Mutanen da suka ja labule ranar harbin duk sun fito, har da dubban da ba su taɓa sanin Bittor ba. Samari suka ɗauko akwatin a kafaɗa, suka lulluɓe shi da tutar Baskawa, suna ɗaga dunƙulallen hannu suna kiran a rama. A bakin dandali motocin 'yan sanda sun jeru, an sauke gilasan kwalkwali. Lupe da Ceferino suka rakuɓe a bayan coci kusa da ƙofa. Wata mata ta waiwayo ta dube su, ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu.

Sai ga Bixenta ta taso daga layin gaba, ta ratso cocin gaba ɗaya, takalminta na ƙara a kan dutse. Ta kama Lupe ta kai ta bencin dangi ta zaunar. Da aka fito kuma, wani saurayi mai lasifika ya fara jawabi yana kiran Bittor jarumin gwagwarmaya. Tsohuwar ta bari ya kai aya, sannan ta cire tutar daga kan akwatin, ta ninke ta da kyau cikin girmamawa, ta miƙa masa.

"Ƙanena mai gyaran keke ne," ta ce. "Ya ce kada a taɓa ɗan kowa da sunansa. Ga wadda ya faɗa a gabanta. Yanzu ku ba mu hanya, gida za mu kai shi."

Ba wanda ya yi mata musu, ko da yake Lupe ta ga yadda wasu suka kau da kai.

A maƙabartar ƙauyensu za a binne shi, kusa da Karmele. Motar gawa ta kama hanya, Bixenta da Lupe a gaba kusa da direba, motocin dangi kaɗan a baya, can bayansu kuma wata mota mai toka-toka da ba ta dangi ba. Da suka fita daga gari, maimakon babbar hanya, Bixenta ta ce da direban ya bi ta bakin kogi.

"Ta nan ta fi nisa, Inna," in ji shi.

"Shi ba sauri yake ba."

Ta juyo ga Lupe ta ce ƙasa-ƙasa, "Na aika wa mai cuku jiya ta sanar da yaron."

Inda kogin ya tsuke, ta sa aka tsaya. Ta ce akwatin ya goce, a buɗe baya a gyara. Direban ya dube ta, ya fita ya buɗe ƙofar bayan gaba ɗaya, ya tsaya gefe ya cire hularsa. Motar mai toka-toka ta tsaya nesa, injinta na aiki.

Ruwa ya janye, ƙananan jiragen kamun kifi sun kwanta a kan laka ta gefe ɗaya. A tsallake, a kan bangon dutsen da ya tare gaɓar Faransa, mutum ɗaya na tsaye cikin yayyafi, hannuwansa a saƙale a gaba. Nisan bai kai a kasa gane shi ba, bai kuma yi kusan da murya za ta kai ba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Bixenta ta tsaya ƙyam tana kallon ruwa kamar ba ta ga kowa ba, leɓɓanta na motsi. Lupe ta dafa akwatin da tafin hannunta, ta dubi tsallaken, ta gyaɗa kai a hankali sau ɗaya, don ya san ta isar da saƙonsa.

Mutumin ya durƙusa a kan bangon.

Direba ya rufe ƙofa, suka koma mota. Da suka tashi, Lupe ta juya tana kallo ta gilashin baya, ta saman akwatin. Yana nan a durƙushe, yana ƙanƙancewa, wani farin tsuntsu na kiwo a cikin laka a ƙasansa, har hanya ta karkata, dogayen ciyayin bakin ruwa suka shiga tsakani.